Babi na Biyar: Me Ya Hana Ƙwan Ƙyanƙyashewa?

"Kwana 21 sun cika, ban yi fashin juyi ba, ruwa bai taɓa ƙarewa a faranti ba, to me ya hana su fitowa?" Duk wanda ya taɓa haɗa injin ƙyanƙyasa da hannunsa ya yi wannan tambaya, ko ya ji maƙwabci yana yin ta. Mutum ya zuba ƙwai 60, ya yi mako uku yana tashi cikin dare yana leƙa ma'auni, amma ranar da ya kamata gida ya cika da kukan 'yan tsaki sai bakwai suka fito, sauran shiru. Daga nan sai zargi ya biyo baya. Wani ya ce mai ƙwan ne ya cuce shi, wani ya ce baki ne, wani kuma ya yanke cewa injin gida ba shi da amfani, sai na kanti.

A Arlit da Akokan, haɗa akwatin ƙyanƙyasa ba abin wahala ba ne. Tun da kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1978, waɗannan garuruwa suka tara masu aikin lantarki da masu walda da kanikawa. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, da yawansu sun koma neman sana'ar da za a iya yi a tsakar gida. Wanda ya yi shekaru yana gyaran injina a ƙarƙashin ƙasa, sa fitila da fanka cikin tsohon firji ba zai gagare shi ba. Abin da ya rage masa shi ne sanin ƙwai. Duk ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba yana ɗauke da shaidar lokacin da ya mutu da abin da ya kashe shi. Don haka dokar wannan babi guda ce: kada ka zubar da baragurbi sai ka fasa ka duba.

Abu huɗu da kaza ke yi

Kazar da ke kwanci abu huɗu take wa ƙwanta. Tana ɗumama shi, tana ba shi danshin jikinta, tana juya shi da baki, iska kuma tana ratsawa ta cikin gashinta. Injin ƙyanƙyasa kwaikwayon waɗannan huɗun yake yi. A injin da ke da fanka, ana son zafi ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 37.8. A wanda ba shi da fanka, ana son digiri 38.5 zuwa 39 idan aka auna daidai saman ƙwai. Danshin iska kashi 50 zuwa 55 cikin 100 ake so har kwana na 18, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Juyi aƙalla sau uku a yini. Iska kuwa ta shiga ta fita ba tare da tsayawa ba.

Kowane tsuntsu da kwanakinsa. Kaza 21 ce, zabuwa 26 zuwa 28, talotalo 28, agwagwar gida 35. Wanda ya haɗa ƙwan kaza da na zabuwa rana ɗaya, ya ga na zabuwa shiru a kwana na 22 ya kwashe ya zubar, ya zubar da masu rai.

Da farko, ƙwan na da rai kuwa?

Kafin a tuhumi injin, a fara tuhumar ƙwan. Ƙwan kiret da ake saidawa don shayi da burodi galibi daga gidajen gonar da ba a sa zakara yake fitowa. Ko shekara ya yi a injin ba abin da zai fito. A gida ma, zakara ɗaya kaji takwas zuwa goma yake iya ɗauka. In sun fi haka, ko ya tsufa, ko zafin bazara ya kashe masa jiki, sai ƙwai da yawa su fito ba zakara. Gwajin ba wuya: fasa ɗanyen ƙwai ɗaya a faranti, ka nemi ɗan farin tabo a saman gwaiduwa. In ƙaramin ɗigo ne cukus, ba zakara. In ya ɗan fi faɗi, da zobe kewaye da shi, akwai.

Sai batun ajiya, kuma nan ne mutanen arewa suke asara tun kafin su kunna injin. Ƙwan ƙyanƙyasa bai kamata ya wuce kwana bakwai a ajiye ba, kuma wuri mai sanyin digiri 12 zuwa 18 yake so. Da zarar zafin ɗaki ya haura digiri 25 ko kusa da haka, tayin da ke ciki zai fara girma a gurguje, da rana ya motsa, da dare ya tsaya, har ya galabaita. Yi tunanin ƙwan zabuwa da aka tara a ƙauyukan Maraɗi ko Tawa, ya kwana biyu a kasuwa, ya hau mota zuwa Agadas, sannan ya ƙara kusan kilomita 240 zuwa Arlit cikin rana da girgiza. Irin wannan ƙwai, ko an sa shi a injin da ya fi kowane tsada, kaɗan ne zai yi.

Dabarar da ta dace da hamada ita ce tukunya cikin tukunya, wadda Malam Muhammad Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a baki. Bushewar iska ce ke sa ta sanyi, kuma iskar yankin Ayar ba ta da na biyu wajen bushewa. Jera ƙwan a ciki tsini ƙasa, kada ruwa ya taɓa shi. Wanda ya sha hanya kuma a bar shi ya huta yini guda kafin a zuba. Kada a wanke ƙwai, domin wanki yana cire siririn rufin da ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Mai kashi da yawa, da mai tsaga, da mai laushin ɓawo, a kai su kicin.

Tocila da ɗaki mai duhu

Ba sai ka jira mako uku kafin ka san halin da ake ciki ba. A daren kwana na bakwai, kashe fitilar ɗaki, naɗe bakin tocila da kwali ya zama ɗan bututu, ka ɗora gefen ƙwan mai faɗi a kai. Mai rai zai nuna jajayen jijiyoyi sun bazu daga wani baƙin ɗigo, in ka dakata kaɗan za ka ga ɗigon yana lilo a hankali. Wannan ɗigon idon ɗan tsako ne. Wanda haske ya ratsa shi fes, sai inuwar gwaiduwa tana yawo, ba kowa a ciki. Na uku shi ne mai jan zobe siriri kewaye da cikinsa. Wannan ya fara rayuwa ya mutu a kwanakin farko, jinin ya janye ya taru a gefe.

Ka cire fanko da masu zobe, ka rubuta yawansu. In fanko ne suka yi yawa, koma ga zakara da wanda ya sayar maka. In masu zobe ne, duba ajiya, da wahalar hanya, da tashin zafi a makon farko. Ka sake haskawa a kwana na 14 da na 18. Ƙwan zabuwa ɓawonsa na da kauri, ya fi kyau a jira kwana na goma, a kuma nemi tocila mai ƙarfi.

Zafin da injin ba ya iya kashewa

Yawancin bayanan da ake samu a intanet an rubuta su ne a ƙasashen da damuwarsu ita ce yadda za a ɗumama akwati. A Arlit, daga Afrilu har ƙarshen damina, damuwar ta juye. Zafin rana a Mayu da Yuni yakan haura digiri 42 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Ƙananan na'urorin daidaita zafi irin su W1209 da STC-1000, yadda aka saba ɗaura su, aikinsu kunna fitila da kashe ta ne. In ɗakin kansa ya kai digiri 41 da azahar, fitila a kashe take, amma ƙwan yana gasuwa. Mai injin da ke duba ma'auni da asuba da bayan isha kullum 37.6 zai gani, ba zai san abin da ke faruwa tsakanin azahar da la'asar ba.

Tayi yana jure sanyi fiye da zafi. Sa'o'i kaɗan na sanyi jinkiri kawai suke kawowa, amma zama a sama da digiri 40 yana nakasa shi ko ya kashe shi. Daga mako na biyu kuma ƙwan da kansa yana fitar da zafi, cikakken injin ya fi wanda ba kowa saurin ɗauka.

Maganin farko shi ne zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu injin gida ya fi jin daɗin aiki a nan, in dai an lulluɓe shi da bargo a daren hunturu ba tare da toshe ƙofofin iska ba. In dole sai an zuba da bazara, a nemi ɗakin ƙasa mai kaurin bango, a ajiye injin a ƙasa nesa da taga da bangon da rana ke duka, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, a yayyafa ruwa a daɓe da hantsi. A riƙa karanta ma'auni da ƙarfe uku na rana, domin lokacin ne gaskiya ke fitowa.

Shi ma ma'aunin a gwada shi. A Masar, inda aka shafe fiye da shekara 2,000 ana ƙyanƙyasa a ɗakunan tubali, gwanayen sana'ar a fatar ido suke ɗora ƙwai su ji zafinsa, sun gaji wannan tun kaka da kakanni. Mu da muka dogara da allo mai lamba, wajibi ne mu tabbatar ba ƙarya yake mana ba. Sayi ma'aunin zafin jiki a kantin magani, ka tsoma shi tare da kan wayar na'urarka a kofin ruwa mai ɗumi. In sun saɓa, na kantin magani za ka bi. Rabin digiri ba ƙaramin abu ba ne idan ya yi kwana 21. Sannan kan wayar ya zauna daidai tsayin ƙwai, nesa da fitila, ba a manne da bango ba.

Iskar da ke shanye ƙwai

Ɓawon ƙwai kamar tulu yake: yana da dubban ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu iska tana ɗauka. Ana son hakan, amma da ƙima. Daga ranar zubawa zuwa kwana na 18, ƙwai ya kamata ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa. Wurin da ruwan ya bari shi ke zama gurbin iska a gefen mai faɗi, inda ɗan tsako zai fara numfashi kafin ya huda ɓawo.

A watannin Maris da Afrilu, danshin iska a Arlit yakan faɗi ƙasa da kashi 15. Ƙaramin kofin ruwa da ya wadatar a Kano da damina ba zai yi komai ba a nan. Faɗin fuskar ruwa ke ba da danshi, ba zurfinsa ba. Faranti biyu masu faɗi, da soso ko tawul mai tsabta a tsaye a ciki, sun fi bokiti cike. A riƙa ƙara ruwa mai ɗumi, in da hali ta ɗan tiyo daga waje don kada a buɗe ƙofa.

Sikeli ya fi kowane ma'aunin danshi faɗin gaskiya. Tun da aka fara haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, ƙananan sikeli masu lamba ba su da wuyar samu a yankin. Yi wa ƙwai biyar alama da fensir ka auna su ranar farko. A ce sun ba da giram 200. A kwana na tara su kasance wajen 188, a na 18 wajen 176. In sun faɗi ƙasa da haka da wuri, ƙara ruwa. In sun ƙi raguwa, rage faranti ɗaya. Ma'aunin danshin kuwa, sa shi a leda tare da murfin kwalba cike da jiƙaƙƙen gishiri, ka ɗaure ya kwana. Mai gaskiya 75 zai nuna.

Kwana ukun ƙarshe su ne masu haɗari. Ɗan tsako ya huda ɓawo, mai gida ya ji kuka ya buɗe ƙofa don ya gani, yara ma suna son gani. Cikin ɗan lokaci busasshiyar iska ta shiga, tantanin da ke kewaye da ɗan tsakon ya bushe ya manne masa, ya kasa juyawa. Daga huda zuwa fitowa yakan ɗauki sa'a 12 zuwa 24, yana hutawa yana ƙarasa shanye gwaiduwa. A sa wa injin gilashi a leƙa ta nan. Mai gaggawar ɓare ɓawo da farce sau da yawa jijiya yake tsinkawa.

Juyi da numfashi

Rubuta alama a gefe ɗaya na kowane ƙwai, wata daban a ɗaya gefen, don ka san wanda ka juya. Sau uku ko biyar ya fi sau biyu ko huɗu, domin kada ƙwai ya riƙa kwana a gefe guda kowane dare. Lokutan salla ma'auni ne da ba a mantawa. A wanke hannu tukuna, a kuma daina juyi a kwana na 18 ga kaza, na 24 ko 25 ga zabuwa. Ƙwan da bai sha juyi ba a makon farko, tayin yakan manne da ɓawo. Wanda aka ajiye tsini sama kuwa, ɗan tsakon yakan kai kansa inda babu gurbin iska.

Mutane da yawa, don neman danshi da gudun ƙura, sukan liƙe kowace kafa ta injin. Firji dama an yi shi ne don kada iska ta shiga. A makon ƙarshe ƙwai 60 rayuka 60 ne masu numfashi. A huda ƙananan ƙofofi a ƙasa da sama, a rufe su da raga ko siririn ƙyalle saboda ƙura, a ƙara buɗe su daga kwana na 18. In danshi ya ragu saboda haka, faranti za a ƙara, ba ƙofa za a toshe ba.

Idan wuta ta ɗauke

Wutar Arlit daga tashar kwal ta SONICHAR da ke Anu Araren kusa da Cirozerin take tasowa, hanya mai nisa, kuma ko mai sola yakan wayi gari batir ya sauka. Jera kwalaben ruwa a rufe a ƙasan injin. Suna riƙe ɗumi idan wuta ta tafi, suna kuma rage saurin hawan zafi da rana. Da hunturu, in wuta ta ɗauke, kada ka buɗe, lulluɓe ka jira, in ta daɗe ka sa kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da ƙyalle. Da bazara, musamman a makon ƙarshe, akasin haka za ka yi: fanka ta tsaya, zafin ƙwan yana taruwa a sama, sai a ɗan sassauta ƙofa. Fankar kwamfuta mai bolt 12 da ke kan batir nata daban tana ceton zubi guda.

Tsabta da asalin ƙarfe

Ƙwai ɗaya da ya ruɓe ya fashe yana iya shafa wa sauran cuta. In ka ji wari, bi da hanci ka fitar da shi. Bayan kowane zubi, a kwashe ɓawo da gashi, a wanke da sabulu da ruwan bilic, a shanya a rana.

Akwai kuma gargaɗin da ya shafi garuruwanmu. Ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit da cibiyar CRIIRAD ta Faransa sun daɗe suna faɗakarwa kan tarkacen ƙarfen ma'adinai, kuma a Nuwambar 2009 masu binciken Greenpeace sun auna wasu ƙarafa da burbushin yuraniyom ya gurɓata a kasuwar Arlit. Injin ƙyanƙyasa a ɗaki yake zama kusa da iyali. Raga ko bututu ko farantin da ba ka san asalinsa ba, bar shi. Katako da sabuwar raga sun isa.

Kwana na 23: fasa baragurbi

Ka ba ƙwan kaza kwana biyu bayan wa'adi. Sannan ka fita da sauran ƙwan waje, ka sa leda a hannu, ka buɗe kowanne ta gefen mai faɗi. Ka ga ɗan tsako cikakke, da gashinsa, kansa ƙarƙashin fiffike, tantani ya yi fari ya bushe ya ɗame shi, gurbin iska ya cinye kusan rabin ƙwan? Bushewa ce ta kashe shi. Ka gan shi ya kumbura, jiƙe sharkaf, gurbin iska ɗan kaɗan, da sauran ruwa a ciki? Danshi ya yi yawa. Cikakku da yawa sun mutu ba su ko huda ba, alhali gurbin iskarsu daidai yake? Duba ƙofofin iska da zafin rana a makon ƙarshe. Ƙanana masu kwana 10 zuwa 14 da suka mutu tare, girmansu ɗaya? Wani abu ya faru a rana guda, nemi ranar a takardarka. In mutuwar ta warwatsu a tsakiyar kwanaki, duba juyi da abincin iyayen, domin kazar da dusa kawai take ci ba ta zuba isasshen guzuri a ƙwanta.

Masu rai ma suna ba da shaida. Fitowa tun kwana na 19 da jini a cibiya alamar zafi ya yi yawa ce. Jinkiri zuwa 22 ko 23 alamar ya yi kaɗan ce. In na gefe ɗaya suna riga na ɗaya gefen, fanka ba ta raba zafi daidai. Ƙafafun da suka baje kuwa santsin shimfiɗa ne, a sa tsumma mai kaushi.

Daga nan sai lissafi. Ƙwai 60, fanko 12, masu zakara 48, suka fito 36: kashi 75 ke nan na masu rai, kuma ga injin gida wannan abin godiya ne. Ka ajiye takarda a jikin injin, ka rubuta zafi da danshi sau uku a yini, da ranar da wuta ta ɗauke, da abin da ka gani a baragurbi. A zubi na gaba abu ɗaya za ka gyara, ba biyar ba, don ka san wanda ya yi aiki. Kuma kafin ka zuba ƙwai masu tsada, bar injin ya yi kwana biyu yana aiki ba komai a ciki.

Fitowa daga ɓawo rabin aiki ne. Ɗan tsakon injin ba shi da uwar da za ta rufe shi da fiffike ko ta nuna masa ruwa, kuma makon farko ya fi kowane lokaci cin rayuka. A babi na gaba za mu ga yadda ake shirya masa wurin ɗumi a daren hunturu da inuwa a ranar bazara, abin da zai fara ci da sha, da lokutan rigakafin cutar Newcastle da ta Gumboro.